Rumfar jirgi: abin da na gano a Kalley

Wanga wata labarinmu na Yamai ne, da wata unguwa tata da ake ce ma Kalley. Labarin ya shahi masu jirgi, amma mai amalanke da mai rumbu kar su ajiye jarida tukuna. Su ma da rabonsu a ciki.

Yamai tana bakin gulbin Kwara, wanda Zabarmawa ke ce ma Isa Beri. Gulbin ya taso daga duwatsun ƙasar Gine. Ya ratsa Mali, ya shigo ƙasarmu, ya yi wajen kilometir 550 cikinta, kana ya wuce Gaya ya faɗa Najeriya. Da can Yamai ƴan ƙauyuka ne kusa da juna: Mawrey ta Arawa, Gawey, Fulan Kwara, Zango inda fatake Hausawa ke sauka, sai Kalley. Mutanen Kalle wani reshe ne na Zabarmawa, sunansu unguwar ta ci. A shekara ta 1926 Turawan Faransa sunka ɗauke babban birni daga Damagaram sunka maido shi nan. Daga baya anka ja unguwanni sama bisa tudu, anka yanka masu tituna miƙaƙƙu. Yau Kalley ta zama cibiyar gari. Ta yi girma har anka raba ta, akwai ta gabas, akwai ta kudu, akwai ta tsakiya.

Ni daga wajen Gaya na taso, an kira malaman yaƙi da jahilci taron ƙarin sani. Mota ta bi da mu Dosso, Birnin Gaure, Kure inda raƙuman dawa ke kiwo kusa da hanya, sai Yamai. Wajen kilometir 300 ne. A Kalley na sauka, gidan wani ɗan garinmu.

Baƙo ba shi barcin sahe a Kalley. Tun asuba masu kosai da masu shayi sun kafa. Babbar kasuwa tana nan maƙwabtaka, wadda ake ce ma Habu Bene. Wuta ta cinye ta a 1982, anka sake gina ta, anka buɗe a 1987. Ciniki ya hi ƙarhin kasuwar, ya malalo cikin tituna. Zauren gida ya koma kanti. Inuwar bango ta koma wurin aiki. Ga mai walda, ga mai gyaran babur, ga mai hayar kujeru da rumfunan buki, ga masu ɗinkin kujerun mota da manyan kekunansu. Zabarmanci da Hausa duka suna ci, wani ma shi fara magana da ɗaya shi ƙare da ɗayan.

Saƙon da anka ba ni

Cikin ajinmu akwai wani dattijo mai jirgin hito. Shina ɗaukar mata ƴan kasuwa da kayansu, wani lokaci da awaki da tumaki. A 2023, da anka ruhe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, mutane da yawa sunka koma ma jirage, aikinshi ya ƙaru. Rumfar jirgin kuwa ta mutu. Rana ta cinye ta, iska ya ƙarasa. Mata sunka fara tsallake jirginshi suna shiga na wasu, don ba mai son ta zauna da goyo cikin rana tsakar gulbi.

Ranar da zan taso ya ba ni kuɗin da ya daɗe shina tarawa, da wata ƴar takarda da ya rubuta da hannunshi: tsawo metir 6, faɗi metir 3. Ya ce: "Malam, ka diba mini da kyau. In wanga ya lalace ban da wani kuɗi sai baɗi." Na ce: "To Baba, in Allah ya so." Kun ji nauyin da na ɗauko.

Da anka tashi taro na nuhi wurin wani mai ɗinkin bash, nan cikin Kalley. Bash shi ne abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce ma tamfol. Mutumin ya manyanta, Bahaushe ne, ya ce tun shina yaro yake ɗinka ma manyan motoci ruhi. Na miƙa mashi takarda. Bai taɓa almakashi ba, bai faɗi kuɗi ba. Ya ce: "Mushe, mi jirgin ke ɗauka, mutane ko buhuhuwa?" Na ce mutane sun hi yawa. Ya ce in zauna. Ya jawo ƙyalle ukku ya shimfiɗa a ƙasa.

Na farko shuɗiyar leda ce, wadda kowa ya sani, saƙar buhu da anka shafe da leda sama da ƙasa. Ita ta hi araha. Ba mu daɗe kanta ba. Rana tana cin ta cikin ƴan watanni, ta koma gari, ta bar zare shina reto. Ta yi daidai da shanyar hatsi ta kwana biyu. Ba ta rumfar jirgi ba ce.

Na biyu tamfol ne na zare, saƙar kaɗa mai kauri, irin na tantin soja. Na ukku bash ne na roba, mai santsi da ƙyalli, irin wanda ke bisa manyan motocin kaya. Turawa suna ce ma robar PVC. Tsakanin waɗanga biyu gardama take.

Na zare da na roba

Mu fara da na zare. Ku ɗaga shi sama wajen rana, za ku ga ƴan ƙananan ƙofohi tsakanin zare da zare. Ta nan iska ke ratsawa, shi ya sa inuwarshi ke da sanyi. To, ruwa fa? Nan hikimar take. In zaren kaɗa ya sha ruwa sai shi kumbura, ƙofohin su toshe, ruwa shi gangara. Kamar dai sabon jirgin katako, da ake bari cikin gulbi har itacen shi kumbura shi bar yoyo. Ana kuma shafa mashi kaki ko wani magani tun daga masaƙa don ruwa shi riƙa zamewa. Mai ɗinkin ya ce sabon tamfol a jiƙa shi, a shanya, a sake, sau biyu ko ukku kahin damana. Haka hudar allura ke ruhewa. Ya ce kuma in ana ruwa kar yara su riƙa taɓa shi daga ciki, don wurin da anka taɓa nan yake ɗiga.

Aibinshi ba ɓoyayye ba ne. In ya jiƙe shina da nauyi. In anka naɗe shi da danshi sai shi yi hunhuna, baƙin tabo shi hito, zaren shi ruɓe. Kwana kaɗan sun isa. Gara tana son shi, ɓera ma haka, akuya kuwa ba ta ƙin ta tauna bakinshi. Maganin da anka shafa mashi shina wankewa da shekaru, sai an sake. Amma in ya yage, allura da zare da ƙyalle sun isa. Ko baduku na ƙauye shina iya gyara shi.

Na roba wani abu ne daban. Mai ɗinkin ya yanka bakinshi ya nuna mini. A tsakiya akwai wata raga ta zaren roba, ita ke ba shi ƙarhi. Sama da ƙasa an malala mata roba. Ita wagga roba da gishiri da man ƙasa ake yin ta. Asalinta tauri gare ta, irin na bututun famfo. A 1926, shekarar da Yamai ta zama babban birni, wani masani a Amurka mai suna Waldo Semon ya gano yadda ake gauraya ta da wani mai don ta yi taushi. Ku riƙe zancen wanga mai, za mu komo gare shi.

Ruwa ba shi ratsa na roba ko ɗigo. Ba shi shan ruwa, don haka ba shi ƙara nauyi. Gara ba ta cin shi. In ya yi dauɗa, sabulu da tsumma sun wadatar. Ga mai ɗaukar siminti ko sukari ko gishirin Foga ko garin rogo, babu kamar shi. Buhun siminti guda in ya sha ruwa ya zama dutse, kuma mai jirgi ake bi.

Amma abin da ya hana ruwa shiga, shi ya hana iska hita. Zahi shina taruwa ƙarƙashi. Numfashin mutane da na bisashe, da danshin da ke tasowa daga cikin jirgi, duk su taru jikin robar. Da sanyin asuba sai su koma raɓa, su riƙa ɗigowa bisa kaya. Mutum shi ce rumfa na yoyo, alhali ba huda ko ɗaya.

Kana ga rana. Man nan da ke sa robar taushi, zahi shina kore shi sannu-sannu. Isansi ma in ya zuba kanta shina tsotse shi. In man ya hita sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage wurin da ake lanƙwasa ta. In ta kai haka ba ta gyaruwa. Ɗinkinta kuma sai an lura. Hudar allura ba ta ruhewa, tunda roba ba ta kumbura. Shi ya sa gwanaye ke haɗa ta da zahi, su narka baki da baki, ko su liƙa ƙyalle bisa ɗinkin. Wuta maƙiyiyarta ce: garwashin shayi guda ya isa shi huda ta. A nisanta ta da injin jirgi.

Bakin gulbi

Washegari na ce bari in ji ta bakin masu jirgi. Daga Kalley mutum shina gangarawa da ƙafa. Za ka wuce inda ƙaramar kasuwa take da, wadda ta ƙone a 2012. Za ka wuce gidan tarihi na Bubu Hama. Sai ga gadar Kenedi, da anka buɗe a 1970, tsawonta metir 710, ta haɗa gari da Haro Banda. Yanzu tana da ƙanne biyu, ta 2011 da ta 2021. Duk da haka jirage ba su bar aiki ba. Ga Sarkawa masu su, ga masu kawo kabewa ana tula ta bakin ruwa, ga masu wanki sun shanya tuhahi bisa gaɓa.

Wanga gulbi cika biyu gare shi a shekara. Akwai jan ruwa na damana, wajen Agusta da Satumba, mai laka, na ruwan saman ƙasarmu. Shi ne a Satumba 2020 ya fasa madatsa, ya ci Lamorde da Kirkisoy da Saga. Akwai kuma ruwan Gine, wanda ke yin watanni bisa hanya, shi iso cikin ɗari, wajen Janairu. Daga nan sai janyewa. Tsofaffi ba su manta watan Yuni na 1985 ba, da gulbin ya tsaya cik a Yamai, mutane sunka ƙetare da ƙafa.

Abin lura shi ne wanga: ruwan Gine shina zuwa ba tare da hadari ba. Mai jirgi shina aiki bisa cikakken gulbi, sama kuwa tas. Ruwan sama a Yamai daga Yuni zuwa Satumba ne, wata huɗu, kuma ba kullum ba. Sauran wata takwas rana ce. A Afrilu da Mayu zahi shina wuce awo 40. Ashe rumfar jirgi a ƙasarmu inuwa ce tukuna, kana ta zama laima. Wanda ya saye ta don tsoron ruwa kaɗai ya manta da kashi biyu cikin ukku na shekara.

Da azahar na shiga jirage biyu da ke ɗaure. Ɗaya da roba baƙa-baƙa, an sauko da ita har gehe. Ban daɗe ba zufa ta karyo mini, na ɗora hannu bisa ruhin na janye. Ɗayan da tsohon tamfol na zare, duk faci, amma har wani yaro shina barci a ciki. Na ukku shi ya hi burge ni. Mai shi ya sa roba fara, ya shimfiɗa tabarmin kaba ƙarƙashinta, ya bar gehe biyu a buɗe. Farin launi shina maida rana, baƙi shina shanye ta. Tabarma kuma ta tare zahin robar. Kakanninmu da tabarmi kaɗai sunka yi rumfa, kuma manyan jiragen Mali na wajen Mopti da su anka san su. Kaba ba ta tsada, matanmu ke saƙa ta.

Wani dattijo Basarke ya ƙara mini abin da mai ɗinki bai faɗi ba. Ya ce: "Yaro, rumfa ba ta kashe mutum da yoyo. Da iska take kashewa." Hadarin farkon damana daga gabas yake tasowa, da guguwa a gaba, ba shi sallama. Rumfa mai tsawo da anka ɗaure tam, ta ruhe ko'ina, iska shina cika ta shi tura jirgi gehe guda. In jirgin ya yi lodi hiye da ƙima, sai kihewa. Ya ce rumfa ta yi ƙasa-ƙasa. A ɗaure ta da zarge wanda ake kwancewa da ja guda, kar a kafa ta da ƙusa. Gehe shi zama a buɗe, don iska shi wuce, don kuma mutane su samu mahita in abu ya faru. In an hangi hadari a naɗe ta, a nemi gaɓa. Kowane iri kunka saya, wagga magana ta hau kanshi.

Lissahi da gwaji

Na komo Kalley da la'asar, munka zauna lissahi. Ku ɗauko alli ku bi ni. Metir 6 sau metir 3, ya ba da 18. Ana ce masu metir kare. Ba karen gida ba ne, kalmar faransanci ce, ma'anarta hili mai metir guda tsawo, metir guda faɗi. Jikin naɗin robar an rubuta 650. Wato kowane metir kare shina da nauyin garam 650. To 650 sau 18, garam 11,700 ke nan, kilo 12 ba kaɗan. In lambar ta yi sama, kauri ya ƙaru. In ta yi ƙasa sosai, abin shara-shara ne. Wanda ya iya karanta wagga lamba, zaƙin bakin mai kanti ba shi ruɗa shi. Mai ɗinkin ya ce kuma a ƙara taƙi guda kowane gehe, don kalmasa.

Ga wani lissahin. Wanga misali ne na aji, ba kuɗin kasuwa ba ne. A ce leda jika 10 ce, tana wata 6. A shekara jika 20 ke nan. A ce mai kauri jika 60 ne, shina shekara 4. A shekara jika 15 ke nan. Wanne ya hi tsada? Ku raba kuɗin da shekarun da abin zai yi, kana ku yanke.

Cikin kasuwa akwai sabo, akwai na bosho, wanda anka kwance daga motocin Turai. A kasuwar Katako ma ana samun su. Na bosho ba haram ba ne, wani ma ya hi sabon ƙarko, amma a gwada. Roba, ku lanƙwasa kusurwarta ku matse da ƙarhi. In wurin ya yi fari ko ya tsage, manta ya hita, ku bar ta. Tamfol, ku sansana shi. In shina warin rima, ya fara ruɓa. Ku zuba mashi ruwa kaɗan ku ga ko zai tsaya dunƙule ko zai nutse nan take. Ku zare zare guda ku ƙyasta mashi ashana. Kaɗa tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba shina narkewa, shi dunƙule da tauri. Ana saida wani tamfol mai gauraye, rabi kaɗa rabi roba, shi ma ba laihi, amma a san abin da anka biya.

Ku diba zobban da ake zura igiya. Na farin ƙarhe suna tsatsa, tsatsa kuma tana cin zane. Na tagulla sun hi. Kar su yi nisa da juna, rabin metir ya isa, kuma a ninka bakin wurin. Ku diba haɗin ƙyalle da ƙyalle: na sama shi hau bisa na ƙasa, kamar yadda ake baibayar ɗaki, don ruwa shi bi ta kai shi wuce. Sau da yawa zaren ɗinki shi ke fara mutuwa, zanen shina nan da sauranshi. Kar a yi rowar zare.

Abin da na saye

Tamfol na zare na saye ma Baba, mai launin ƙasa. Dalilina ukku ne. Mutane da bisashe yake ɗauka. Kullum gida yake kwana, shina da wurin shanya. In ya yage kuma ba sai an zo Yamai ba. Da sauran kuɗin na karɓi guntun roba, metir 2 da metir 3, ba don rumfa ba, don shi riƙa lulluɓe buhuhuwa in hadari ya taso. Da a ce siminti da gishiri yake ɗauka, ko shina kwana da kwanaki bisa ruwa cikin damana ba damar shanya, da roba fara zan saye, in haɗa mashi da tabarmi. Na ga masu kuɗi suna zaɓen roba don ƙyallinta kawai. A ganina matan da ke zama ƙarƙashi ya kamata a tambaya.

Manomi, ga naka rabon. Kar ka ruhe gujiya ko masara ko wake da roba in ba su bushe sarai ba. Raɓar nan da na faɗi za ta taru, hunhuna shi kama su. Hunhunan gujiya da masara shina da guba mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Albasa ma iska take so, ƙarƙashin roba ruɓewa take. Taki na zamani da siminti su ke son roba, a ɗora su bisa itace kar su taɓa ƙasa. Makiyayi, in ka yi ma ƴan maruƙa ko ƴan raguna inuwa da ita, ka ɗaga ta sama, ka bar ko'ina a buɗe.

In roba ta tsufa kar a sa ta wuta, kar a hura murhu da ita. Hayaƙinta guba ne, shina ƙona ido da ƙirji, yara sun hi jin shi. Kar kuma a yar da guntayenta a hili ko a gulbi, shanu suna haɗiyewa ta toshe masu ciki. Mai ɗinkin Kalley ba shi zubar da ko taƙi guda. Da tsohuwar roba yake yin jakar kaya da ruhin sirdin babur, na ga ma ya yi wasaki da ita, na ɗibar ruwa a rijiya.